Gwanin da Ya San Littafin da Zai Miƙa Maka

A cikin birnin Kano, daga Yakasai zuwa Ƙoƙi, daga Mandawari zuwa Ƙofar Mata, da wuya a rasa majalisar da ke da mutum guda wanda in maganar littafi ta taso kowa shi yake waiwaya. Wani tsohon malamin makaranta ne, wani mai rumfa ne a layin 'yan littattafai na kasuwar Kurmi, wani kuwa tsohon ma'aikacin gidan rediyo. Ba yawan karatu ne ya fifita shi ba, don masu karatu ba su ƙidayuwa. Abin da ya iya shi ne haɗa mutum da littafin da ya dace da shi, musamman irin littattafan da mutane suka ba da labarin rayuwarsu da bakinsu. Wannan gwaninta ce mai zaman kanta, kuma tana da hanyoyinta.

Abu na farko, gwani ba ya zayyano maka sunaye goma. Tambaya yake fara yi. Saurayi zai durƙusa a bakin tabarma bayan La'asar ya ce, "Baba, wane littafin tarihin rayuwa zan karanta?" Sai ya ɗago ya dube shi: "Yaro, kai ɗan wace unguwa ne? Kuma me kake nema, mulki, malanta ko zaman duniya?" Kamar tela ne, ba ya sa almakashi sai ya yi awo.

In yaron ya ce so yake ya san yadda birnin nan ya kasance a lokacin zuwan Turawa, sai a nuna masa Alhaji Mahmudu Ƙoƙi. Yana yaro aka ci Kano a 1903. Ya yi karatun allo, ya shiga makarantar Ɗan Hausa a Nassarawa, daga baya ya yi aiki da Bargery wajen haɗa babban ƙamus ɗin Hausa da ya fito a 1934. Neil Skinner ne ya ɗauki labarinsa, aka buga shi a Zariya a 1977. Gwani ya san abin da zai kama ɗan birni a nan: unguwanni da ƙofofin da yake ratsawa kullum ne zai gani a takarda, da idon wanda ya taka su tun kafin a haifi kakansa.

Abu na biyu ya fi wuya, shi ne sanin wanda ya riƙe alƙalami. Bahaushe ya taso da jin cewa yabon kai jahilci ne, don haka manyanmu kaɗan ne suka zauna haka kawai suka rubuta kansu. Galibi wani ne ya zo ya yi ta tambaya. Dorugu, yaron ƙasar Damagaram da aka kama bauta, wanda ya bi wani Bature mai suna Barth har Ingila a 1855, shifta ya yi wa ɗan mishan Schön, labarin ya fito cikin Magana Hausa a 1885. Baba ta Karo, Mary Smith ce ta zauna da ita a Giwa tsakanin 1949 da 1950 tana rubutawa, littafin ya fito a 1954. Sheikh Abubakar Gumi, wanda ya yi karatu a Makarantar Shari'a ta Kano, tare da Isma'ila Tsiga ya yi Where I Stand na 1992. Littafin Abubakar Imam kuwa, shi ya rasu a 1981, Abdurrahman Mora ne ya shirya shi ya fito a 1989.

Me ya sa gwani yake damuwa da wannan? Saboda mai tambaya yana da hannu a amsa. Abin da tsohuwa za ta buɗe wa mace 'yar'uwarta a tsakar gida daban yake da abin da za ta gaya wa namiji a zaure. Shi ya sa labarin Baba ta Karo ya cika da abin da tarihin sarakuna ya tsallake: zaman kishiyoyi, ƙawance, riƙon 'ya'ya, bukin aure da na suna, bori, da fargabar mahara masu kama mutane. In malama ko ɗaliba ta aiko neman littafi, wannan yakan fara aika mata, tare da saƙon cewa ta tuna Baturiya ce ke tambayar, kuma fassara ce za ta karanta. Haka zai gaya wa mai karanta Dorugu cewa yaro ne ke magana a gaban ɗan mishan, a ƙasar da ba tasa ba. Ba kushe yake yi ba, fitila yake ba ka kafin ka shiga.

Abu na uku, in magana ta shafi siyasa, ba ya ba da littafi guda. Alƙali ba ya yanke hukunci da jin bakin mutum ɗaya. Wanda ya karɓi My Life na Sardauna Ahmadu Bello, na 1962, zai bi shi daga Rabah zuwa Kwalejin Katsina har kujerar Firimiya, ya ga Arewa ta idon gidan sarauta. Ranar da ya dawo da shi, sai gwani ya miƙa masa The Story of a Humble Life na Alhaji Tanko Yakasai, ɗan cikin birni da ya fara da sana'ar ɗinki, ya shiga gwagwarmayar NEPU, jam'iyyar da aka kafa a Kano ranar 8 ga Agusta, 1950, ya kuma ɗanɗani kurkuku. Zamani ɗaya, ƙasa ɗaya, labari biyu. Gwani ba ya gaya maka wanda ya fi gaskiya. Ya san waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi, ya kuma san mai waƙa yakan tsallake baitin da bai yi masa daɗi ba.

Sai kuma ɗan abin da ba a cika lura da shi ba, wato yadda yake miƙa littafin. Zai zaro shi daga leda, bangon ya sha gam, sunansa na shafin farko da jan biro. Zai buɗe wani wuri ya sa tsinke, ya ce, "Fara daga nan, in ya kama ka sai ka koma farko." Zai ɗanɗana maka labari guda ya tsaya a daidai inda kunnenka ya miƙe. In ya ga Turancinka bai yi ƙarfi ba, ba zai kunyata ka a gaban mutane ba, sai ya ce ka riƙa zuwa bayan Isha'i ku bi shi tare. Kuma ba ya ba da na biyu sai na farko ya dawo, don yawancin waɗannan littattafai ba a sake buga su akai-akai, wanda ya ɓata ya ɓata ke nan.

Ladansa kuwa ba godiya ba ce. Abin da yake jira shi ne ka dawo da gardama, ka ce, "Baba, ni fa ban yarda da abin da ya faɗa a kan zaɓen nan ba." A nan ne zai gyara zama, don ya tabbata ka karanta da hankalinka, kuma daga gardamar taka zai gane littafin da zai ba ka na gaba.