Matsayin Mayaƙan Sa-kai na Zamfara a Cikin Infaƙul Maisuri

Duk mai nazarin tarihin jihadi ya san babu littafin da aka fi dogara da shi wajen jeranta yaƙoƙin 1804 zuwa 1808 kamar Infaƙul Maisuri, wanda Muhammadu Bello ya kammala a 1812. Marubucin ya halarci mafi yawan abin da ya ba da labari, ga shi kuma mai kiyaye sunan wuri da lokaci. To, amma akwai wasu mutane da littafin ya gifta ta kansu da sauri, watau Zamfarawan Mafara da Burmi da Danko, waɗanda suka kama wa Shehu a 1804, sa'an nan suka juya masa baya kafin 1805 ta ƙare. A kansu wannan sharhi zai tsaya.

Da farko ya kamata a gyara wata kalma da ta zama ruwan dare a bakin ɗalibai, har da wasu malamai, ita ce "sojojin Shehu". Soja kalmar aro ce, tana ɗauke da ma'anar albashi da bariki da horo. Waɗanda suka yi hijira zuwa Gudu a Fabrairun 1804 ba su da ko ɗaya daga cikin waɗannan. Malamai ne da almajirai da makiyaya da manoma, kowa da bakansa da kwarinsa. A Tabkin Kwatto, cikin Yunin shekarar, dawakinsu ba su wuce 20 ba, alhali Yunfa ya zo da 'yan lifidi da Abzinawa. Littattafan jihadi da kansu jama'a suke kiransu, wannan kuwa ya fi dacewa.

Sai dai kalmar jama'a ita ma tana rufe wani bambanci. In an lura, mayaƙan sa-kai iri biyu ne suka haɗu a ƙarƙashin tuta ɗaya. Akwai mutanen hijira, waɗanda suka bar gonakinsu a ƙasar Gobir, ba su da inda za su koma sai an ci nasara. Akwai kuma mutanen gari, masu gona da rumbu da ganuwa, waɗanda suka fito don tsohuwar ƙullalliya. Babari ya rushe Birnin Zamfara wajen 1762, Alƙalawa kuwa a kan ƙasar Zamfara aka gina ta. Sarkin Zamfara Abarshi ya sha tsare a hannun Bawa Jan Gwarzo, kuma sakinsa yana cikin abubuwan da Shehu ya nema a Magami. Ban da haka, Shehu ya yi kimanin shekara 5 yana wa'azi a Zamfara, har ya zauna a Faru, wadda ke yankin Maradun a yau. Saboda haka lokacin da sarakunan Mafara da Burmi da Danko suka ba shi hannu bayan Tabkin Kwatto, sun san shi, amma abin da ke gabansu shi ne fita daga ƙangin Gobir. A wurinsu wannan yaƙin neman 'yanci ne.

A nan ne nake ganin littafin ya gaza. Bello malamin shari'a ne, yana kuma rubutu a daidai lokacin da yake musayar wasiƙu da Shehu Laminu na Barno a kan halaccin jihadin. Ma'auninsa na fiƙihu ne: wane ne Musulmi, wane ne mai taimakon kafiri, wane ne ya warware mubaya'a. A wannan ma'auni babu gurbin mutumin da ya ɗauki kwari domin garinsu kawai. Muddin yana tare da jama'a, ya shiga lissafinsu ba tare da suna ba. Ran da ya janye, sai hukuncin ridda ya hau kansa, domin da wannan kalma malaman jihadi suka fi siffanta wanda ya yi mubaya'a ya juya. Ko a labarin Tsuntsuwa, inda aka rasa kimanin mutum 2,000 a ƙarshen 1804, abin da aka ware aka ƙidaya shi ne mahaddata Alƙur'ani 200. Sauran dai taro ne.

Duk da haka adalci ya tilasta a ce Bello bai ɓoye dalilin ɓatawar ba. Bayan Tsuntsuwa yunwa ta kori jama'a zuwa Sabon Gari, a yankin Bakura, a farkon 1805, daga nan ne ma Abdullahi ya tashi ya ci Birnin Kabi. Dubban baki sun sauka a kan ƙasar da take fama da nata ƙarancin, ba baitulmali, ba hanyar kawo hatsi daga nesa. Rundunar da ba a biya kuwa, daga rumbun wanda ya fi kusa take ci, ko da aboki ne. Bello ya yarda cewa mutanensu sun zalunci Zamfarawa, har jama'a suka bar ƙasar zuwa Gwandu ana fushi da su. Da aka sha kashi a Alwasa a ƙarshen 1805, sai Zamfara ta juya. Abin da mai sharhi zai tuhumi littafin da shi shi ne, ya faɗi laifin a taƙaice, ya wuce, bai bar shi ya taɓa hukuncin da ya yanke wa waɗanda aka zalunta ba. Abdullahi ya fi shi zafi a Tazyinul Waraƙati, shi da ya fice daga runduna a 1807 ya nufi Kano saboda ganin yadda son duniya ya shiga jama'a. Amma shi ma kukansa na lalacewar niyya ne, ba na manomin da aka kwashe wa gero ba.

Wannan matsala ba a ƙasar Hausa kaɗai ta taso ba. A Amurka manoman sa-kai ne suka fara harbi a Lexington da Concord a 1775, amma George Washington ya yi ta kuka da su, domin sukan watse in wa'adinsu ya cika ko aikin gona ya kira, sai da aka kafa tsayayyar runduna. Bello ma bayan ya hau gado a 1817 hanyar da ya bi ke nan ta wata fuska. Mutuwar Shehu ta ta da tawaye a Zamfara, ciki har da na Banaga ɗan Bature na Morai, sai Bello ya koma ga ribaɗi, watau garuruwan tsaro masu zaunannun mayaƙa. Bakura ta zama ribaɗi a hannun ƙanensa Abubakar Atiku, Maradun kuma ta shiga hannun zuriyarsa. Mafara dai ba ta daina tayar da kai ba, har sai da Sarkin Musulmi Abdurrahman ya murƙushe tawayenta wajen 1891.

Ga ɗalibin da ke neman abin bincike, aikin yana nan kwance. Infaƙul Maisuri murya ɗaya ce, ta wanda ya ci nasara. Kirarin sarautun Sarkin Mafara da Sarkin Burmi da Banaga, da waƙoƙin makaɗan fada, da labaran tsofaffi a Morai da Faru, su ya kamata a tattara a jera kusa da shi, a ga wace kalma su suke amfani da ita a inda littafin ya ga warware alkawari. Lamarin kuwa ya wuce na ɗakin karatu, tun da a waɗannan garuruwa ne aka yi ta muhawara a kan 'yan sa-kai a shekarun ta'addancin 'yan bindiga, har gwamnatin jihar ta ƙaddamar da Askarawan Zamfara a Janairun 2024, masu albashi da kaki.