Tsokaci a Kan Mutuwar Yara Masu Koyon Aiki a Littafin Sembène

A shekarar 1960 ne Ousmane Sembène, ɗan ƙasar Senegal, ya fitar da ƙagaggen labarinsa mai suna Les bouts de bois de Dieu, wanda ya gina a kan yajin aikin ma'aikatan layin dogo na Dakar zuwa Bamako, daga 1947 zuwa 1948. Abin da ya ja hankalinmu shi ne kisan yaran nan masu koyon aiki a garin Thiès. Zaman banza ya sa su yawo da danƙo, suna harbin ƙadangaru, daga baya suka koma fasa fitilun unguwar Turawa. Isnard, wani Bature mai kula da ma'aikata, ya ɗirka musu bindiga.

Marubucin ya yi gwaninta da ya fara nuna mana wasansu kafin ajalinsu, shi ya sa mutuwar ta sosa zuciya. Sai dai a ganinmu ya yi garaje wajen makoki. Kafin mai karatu ya gama jimami, gawa ta zama hujjar tilasta wa kamfani zaman sulhu. Iyayen da suka rasa 'ya'ya kuwa, ba a bar mu mun zauna da su ba, ko da na sadakar uku.