Jagorancin Makarantar Kiɗa A Ƙasar Hausa: Sharhi Daga Kan Iyakar Illela

1.0 Gabatarwa

Illela gari ne na kan iyaka a arewacin Jihar Sakkwato, kimanin kilomita 85 daga birnin Sakkwato, kuma tsakaninsa da Birnin Ƙonni ta Jamhuriyar Nijar ’yar gajeruwar tafiya ce. Yarjejeniyoyin Ingila da Faransa na 1898 da 1904 da 1906 su ne suka shata iyakar da ta raba garuruwan nan biyu, amma Hausarsu ɗaya ce, bukukuwansu ɗaya ne, makaɗin da ya raba dare a gidan biki a Ƙonni yana iya wayar gari a kasuwar Illela ran Lahadi. Saboda haka wurin ya dace da a tsaya a kansa a dubi yadda ƙasashen biyu suka ɗauki sha’anin koyar da kiɗa.

Yaron da ya tashi a Illela da sha’awar kiɗa, hanyoyi uku ke gabansa. Ko dai ya bi wani makaɗi ya zama yaronsa, ko ya yi karatun boko har jami’a ya nazarci waƙar baka, ko kuwa ya ƙetara zuwa Yamai inda aka gina makaranta musamman domin kiɗa. Manufar wannan maƙala ita ce ta auna hanyoyin nan uku ta fuskar wanda ke jagorancinsu. Abin da za a yi ƙoƙarin nunawa shi ne, ma’aunin shugaban kowace makarantar kiɗa a ƙasar Hausa guda ne, watau matsayin da ya ba makaɗin gargajiya: ya ɗora shi a kujerar malami, ko kuwa ya mai da shi abin nazari kawai.

2.0 Gidan Makaɗi

Tun kafin zuwan boko, ƙungiyar makaɗa ita ce makaranta, jagoranta kuwa shi ne shugaban makarantar. Yaro yakan fara da ɗaukar kaya da aike, sa’an nan ya shiga sahun ’yan amshi, daga baya a ba shi abin kiɗa, in Allah ya hore masa murya da basira ya soma ƙulla ɗiyan waƙa da kansa. Tarihin Musa Ɗanƙwairo, wanda ya rasu a 1991, misali ne a fili. A gidan mahaifinsa Usman Ɗankwanda ya buɗe ido ya ga kiɗa, ya bi shi tun yana ƙarami, ya kuma zauna ƙarƙashin wansa Kurna kafin ya ja tasa ƙungiyar. Ko laƙabin Ɗanƙwairo ma daga wani mai zaƙin murya cikin mutanen mahaifinsa ya samo shi. Haka nan Sa’idu Faru ya gaji kotso a gida.

Ƙarfin wannan makaranta a wuri biyu yake. Na farko, ba ta raba kiɗa da magana. Hausa harshe ne mai karin sauti, kalangu kuwa da matsa tsarkiya da sassauta ta yake bin hawa da saukar murya har ya faɗi taken mutum, mai taken ya ji ya gane. Wanda ya koyi kalangu a hannun makaɗi, tare da taken yake koyon bugun. Na biyu, jarrabawarta a bainar jama’a ake yin ta. Ɗan amshin da ya ɓata gindin waƙa a ƙofar fada, ko makaɗin da ya kasa tayar da tsumin ɗan dambe a fage, a take yake ganin sakamakonsa.

Amma fa tana da rauni da bai kamata a rufe ido a kansa ba. Ƙofarta ta fi buɗuwa ga ɗan gado. Wanda ya zo daga waje, irin Mamman Shata, sai ya yi fama da ƙin amincewar gida kafin ya samu hanya. Yaron makaɗi ba ya da tsayayyen rabo sai abin da jagora ya ga dama ya ba shi. Daɗin daɗawa, ilmin duka a ƙirjin mutum ɗaya yake zaune, in ya faɗi ba magaji, sai a binne shi da abinsa.

3.0 Hanyar Jami’a

A ɓangaren Nijeriya, hidimar da boko ya yi wa makaɗan Hausa ta hanyar nazarin harshe da adabi ta biyo. An kafa Cibiyar Nazarin Harsunan Nijeriya a Kano a 1969. A 1971 David Ames da Anthony King suka fitar da ƙamus na kalmomin kiɗan Hausa. A 1975 Ɗandatti Abdulƙadir ya kammala kundin digirinsa na uku a kan Shata a Jami’ar Indiyana ta Amurka, a shekarar kuma aka kafa jami’ar Sakkwato wadda a yau ake kira Jami’ar Usmanu Ɗanfodiyo. Bayan haka Sa’idu Muhammad Gusau ya tattara tarihin makaɗa masu yawa, ya kuma shimfiɗa hanyar nazarin waƙar baka da ɗalibai ke bi. Ba don wannan aiki ba, da sunayen makaɗa da dama da matanin waƙoƙinsu sun salwanta.

Duk da haka, akwai abin da wannan hanya ta bari a baya. Ɗalibi yakan juyi waƙa daga kaset ko waya zuwa takarda, ya fitar da turkenta da salonta da tsarinta, ya ambaci cewa da kotso ko taushi aka yi ta, ya ci jarrabawa, alhali kuwa ba a taɓa neman ya rataya kotson ba. Makaɗi yana shigowa cikin kundi a matsayin wanda aka yi hira da shi, ranar kaza, a garin kaza. Shi ne tushen ilmin, amma wani ne malamin. Ba laifin manazarta adabi ba ne, domin aikinsu ke nan, kuma sun yi shi. Abin lura kawai shi ne, wannan hanya tana yaye masu sharhin waƙa, ba ta yaye wanda zai maye gurbin mai waƙar.

4.0 Cibiyar Alhaji Taya

Nijar ta bi wata hanya dabam. A 1989 aka kafa cibiyar koyar da kiɗa da bunƙasa shi a Yamai, wadda aka fi sani da CFPM, da taimakon asusun raya ƙasashe na Tarayyar Turai, aka kuma sa mata sunan marigayi Alhaji Taya, ɗaya daga cikin jagororin kiɗan zamani na ƙasar. Cikin waɗanda suka shugabance ta akwai Mahaman Garba, masanin kiɗa wanda ya rubuta kundin digiri na uku a Faransa a kan kiɗan Hausawan Nijar. An tanadi darussan rubutun kiɗa irin na Turai da na kayan kiɗan zamani, aka kuma tara kayan kiɗan gargajiya na al’ummun ƙasar a ɗakin ajiya. A inuwar wannan cibiya ƙungiyar Mamar Kassey ta Yakuba Mumuni ta tsiro a 1995, ta haɗa sarewa da molo da kalangu da jita, har ta kai kiɗan Nijar ƙasashen waje.

Wannan ci gaba ne, domin a nan an yarda cewa kiɗa sana’a ce da za a koya da hannu. Sai dai tsarin irin wannan makaranta yana ɗauke da haɗari iri biyu. Na ɗaya, rubutun kiɗa na Turai an ƙirƙire shi ne domin sautuka masu tsayayyen mataki, don haka ba ya kama jan da goge ke yi tsakanin sauti da sauti, ko lanƙwasar muryar kalangu. In aka sa shi ya zama ƙofar shiga, to, ɗan makarantar boko zai wuce, ɗan gidan makaɗi kuwa wanda ya fi shi kunne zai tsaya a waje. Na biyu, ɗakin ajiya yana tsare ƙwarya da fata da izga, ba ya tsare hannun da ke kaɗa su. Gogen da ke rataye a bango da ’yar takarda a ƙarƙashinsa shaida ce ta cewa an taɓa yin kiɗan, ba ta hana shi mutuwa.

Labarin Malam Mamman Barka, wanda ya yi aiki a cibiyar, shi ya fi kome fito da wannan magana. Malamin makaranta ne, kuma sanannen makaɗin gurmi. A 2002 ya samu tallafin hukumar UNESCO domin ya ceto biram, wani abin kiɗa mai tsirkiya biyar da siffar kwale-kwale, na Buduma masunta na Tafkin Cadi. A lokacin tsoho ɗaya ya rage da ya ƙware a kansa, watau Bukar Tar. Barka bai aika a kawo biram Yamai a auna shi a rubuta ba. Tattaki ya yi zuwa wurin tsohon, ya zauna gabansa kamar kowane yaron makaɗi, ya koyi bugun da waƙoƙin da ladubbansu. Bayan rasuwar Bukar Tar shi ya ci gaba da kaɗa biram, a 2009 aka fitar da faifansa a Ingila, shi kuma ya rasu a 2018. Abin da za a fahimta a nan shi ne, aikin da ya fi ɗaukaka sunan makarantar zamani da tsohuwar hanya aka yi shi. Hukuma ta ba da guzuri, amma darasin a gaban makaɗi aka ɗauke shi.

5.0 Kuɗi Da Mutunci

Abu biyu ke ɗaure hannun kowane shugaban makarantar kiɗa. Na farko kuɗi. Hausawa na cewa kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Makaɗin fada yana bin ra’ayin ubangidansa, cibiyar da aka gina da taimakon waje kuwa takan sha wuya ranar da taimakon ya yanke. A Ikko akwai misalin makarantar da ba ta gwamnati ba kuma ba ta neman riba: ƙungiyar MUSON da aka kafa a 1983, wadda ta buɗe makarantar kiɗa, kuma daga 2006 gidauniyar kamfanin MTN ta shiga ɗaukar nauyin ɗaliban difloma. Tsarinta na riƙon kai abin koyi ne, amma manhajarta ta fi karkata ga kiɗan Turai na piyano da dangoginsa, gwargwadon sha’awar waɗanda suka kafa ta. Wanda ya kwafo manhajar ya kawo ta Illela, ya ɗauko abin da garin bai aike shi ba.

Na biyu mutunci. Tun a 1957 M. G. Smith ya yi bayanin yadda al’ummar Hausawa ke ajiye maroƙa da makaɗa a ƙasan tsani, ko da kuwa sun yi arziki. Akwai kuma maganar addini, wadda a ƙasar Sakkwato ba a tsallake ta. A cikin Kitabul Farƙi Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya soki shagala da kaɗe-kaɗen banza a fadojin sarakunan Haɓe, ya ware kiɗan da ake yi don wata bukata ta shari’a, kamar tara runduna. Veit Erlmann ya bi diddigin rubuce-rubucen masu jihadi a kan kiɗa a littafinsa na 1986. Shugaban da bai san wannan tarihi ba, ba zai iya zama da malaman gari da iyayen yara ya bambance musu kiɗan noma da na sana’a da na sarauta daga kiɗan masha’a ba, kuma in bai yi haka ba ajinsa zai zauna wayam.

6.0 Abin Da Ya Rataya A Wuyan Shugaba

In wata ƙungiyar gari ta ɗauki niyyar buɗe irin wannan makaranta a wuri kamar Illela, abin da aka tattauna a sama yana nuna wa shugabanta ayyuka kamar haka:

(a) Ya ɗauki makaɗan kalangu da goge da gurmi da kotso na ƙasar, daga kowane ɓangare na iyaka, a matsayin malamai masu tsayayyen albashi, ba baƙin da ake gayyata ranar biki ba. Rashin takardar shaida kada ya rage musu daraja.

(b) Ya sa kunne gaba da alƙalami. A fara da amshi da take, rubutu da na’urar ɗaukar sauti su biyo baya domin adanawa.

(c) Ya sa haɗa kayan kiɗa cikin manhaja, tun daga jeme fata har ɗaura tsarkiya, domin makaɗin da bai iya gyara kalangunsa ba rabin makaɗi ne.

(d) Ya mai da jarrabawar ƙarshe fage, a gaban jama’ar da suka san kiɗan, ya kuma gayyaci manazarta daga jami’a su rubuta abin da aka koyar da sunan wanda ya koyar da shi.

(e) Ya raba ƙafa wajen neman kuɗi, kada makarantar ta rataya ga mai taimako guda.

7.0 Kammalawa

An ga cewa gidan makaɗi yana da ilmin amma ba ya da tabbacin ɗorewa, jami’a ta adana matani ta bar bugun, cibiyar Yamai kuwa ta fi cin nasara a lokacin da ma’aikacinta ya koma ɗalibi a gaban Bukar Tar. Aikin shugaban makarantar kiɗa shi ne ya haɗa waɗannan uku, kuma wurin farawa shi ne kujerar malami. Biram ya samu wanda ya je nemansa saura mutum ɗaya. Kotso da taushi da gogen ƙasar Gobir da Adar har yanzu suna da masu kaɗa su, don haka yanzu ne ya fi sauƙi a ɗauke su aiki.