Garmar da ba ta huɗa: yadda ake koyon zamiya a St. Anton

Da ƙarfe tara da rabi na safe a watan Janairu, in ka tsaya a filin da ke gindin tsauni a ƙauyen St. Anton, tafiyar mutane za ka fara lura da ita. Manya da yara, kowa na ɗaga ƙafa da ƙyar kamar an ɗaura masa turmi. Laifin takalmi ne. Roba ce mai tauri da ta kama ƙafa tun daga yatsu har tsakiyar ƙwauri, an matse ta da maɓallan ƙarfe, idon sawu ba shi da ta cewa. Kowa ya saɓa dogayen alluna biyu a kafaɗa, sanduna biyu a hannu, numfashi na fita daga baki kamar hayaƙi. Sanyin kuwa, hunturun da muke kuka da shi wasan yara ne.

Ƙauyen yana jihar Tirol a yammacin Ostiriya, cikin tsaunukan Alps, a tsayin mita 1,304 daga teku. Mazaunansa ba su kai 3,000 ba, amma daga Disamba zuwa Afrilu baƙi 'yan hutu sukan rinjaye su nesa ba kusa ba. Da yawa jirgin ƙasa ke kawo su, ta layin da aka buɗe a 1884 bayan an huda dutsen Arlberg. Ga otal-otal, ga shagunan hayar kaya, ga motocin igiya da ke lilo da mutane sama har ƙololuwar Valluga, wadda ta haura mita 2,800. Da yamma akwai kiɗa da shaye-shaye da suka yi wa garin suna, ni dai ba su suka kawo ni ba.

Malaman zamiya su suka ɗauke mini hankali. Aikinsu, in an taƙaita, shi ne a damƙa musu mutumin da bai taɓa taka dusar ƙanƙara ba a farkon mako, kafin mako ya ƙare ya sauko daga gangare da ƙafarsa, ƙashinsa lafiya lau, har yana neman a sake. Na zaci abin ƙarfi ne ko ƙarfin hali. Ashe ko ɗaya. Abin da malamin ke yi shi ne ya lallaɓa jikinka har ya yarda ya saɓa wa duk abin da tsoro ke raɗa masa.

Ranar farko ba a hawa ko'ina. A fili shimfiɗaɗɗe ake farawa, da allo ɗaya tak a ƙafa, ana zagaye kamar ɗan kaza mai ɗingishi. Sai a ƙara na biyu. Sai a koya maka faɗuwa, ta gefe, ba ta baya ba, da yadda za ka tashi: ka jera allunan a gicciye da gangaren, a ƙasa da jikinka, in ba haka ba kana miƙewa su sake gudu da kai. Bayan nan ne ake zuwa ga tushen karatun, abin da Jamusanci ke kira Schneepflug, wato garmar dusa. Ka haɗa kawunan allunan a gaba, ba tare da sun taɓa juna ba, ka buɗe bayansu, su yi siffar bakin garma. Gefensu na ciki ya riƙa kankare dusar, gudu ya ragu. Ka ƙara buɗewa, ka tsaya cak. Yara ba a cika su da wannan dogon suna. Malami ya ce "Pizza", su haɗa kawunan alluna kamar yankan fiza, ya ce "Pommes", su jera su kamar soyayyen dankali. Ɗan shekara huɗu ya gane nan take, babba mai digiri yana can yana lissafi.

Daga nan rigimar ke tashi tsakanin mutum da jikinsa. Da zarar ƙasa ta karkata, allunan suka fara tafiya, jiki sai ya ja baya, kamar jakin da ake ja zuwa bakin rafi. Hankali na ganin tsira ke nan. To amma wanda ya kwanta baya ya ɗauke nauyi daga kawunan allunan, su ne kuwa linzami. Nan take sai su ƙwace, gudu ya ƙaru, tsoro ya ƙaru, a ƙara kwantawa baya, a ƙare a ƙasa. Maganin shi ne abin da rai ba ya so: ka lanƙwasa gwiwa, ka danna ƙwauri a gaban takalmin, ka kai ƙirji wajen ramin da kake tsoro. Malamar ajin da na shiga ta sa muka riƙe sandunanmu a kwance a gabanmu da hannu biyu, kamar mai kai wa baƙi tiren shayi, ta ce kada shayin ya zube. Hannu na gaba, kafaɗa ta bi shi, nauyi ya koma inda ya kamata, ba tare da an yi mana lacca a kan komai ba.

Juyawa ma haka take, a birkice. In hagu kake so, ƙafar dama za ka danna. In dama, ta hagu. Ƙafar da ke waje da kwanar, wadda za ta ƙare a ɓangaren gangare, ita ke ɗaukar nauyi, alhali zuciya na son ka jingina da tudu, wurin da ka ga kamar ya fi kusa da tsira. Kuma kowace kwana tana da wani ɗan lokaci, bai fi ƙiftawar ido biyu ba, da kawunan allunan ke fuskantar ƙasa kai tsaye, ta layin da ƙwallo zai bi in an sake shi. A nan gudu ke ƙaruwa, a nan sabon shiga ke firgita ya fasa. Wanda ya daure ya ƙarasa kwanar, sai ya ga allunan sun gicciye gangaren, gudun ya mutu da kansa. Birkin gaskiya ke nan a wannan wasa. Gwani ba ya faɗa da tsauni, kwana yake yi bayan kwana, kowace ya cika ta. A rana ta uku na fasa wata kwana a tsakiya, na zauna daɓas, allo ɗaya ya ɓalle ya yi gaba. An ƙera maɗaurin da ke haɗa takalmi da allo ne don ya saki takalmin in an murɗe shi, saboda kada ƙafa ta karye. Malamar ta ɗauko mini allon, ba ta tanka kan faɗuwar ba, ta dai nuna mini cewa ƙafafuna nake kallo, ba inda za ni ba.

Wannan tsari na hawa-hawa ba daga sama ya faɗo ba, kuma a nan aka gina shi. Zamiya ta zamani daga Norwe ta fito, inda irin su Sondre Norheim na yankin Telemark suka ƙware da salon da diddige ke sake, jiki a miƙe. Salo ne mai kyau, amma gangaren Alps ya fi ƙarfin tsayuwa a miƙe. Hannes Schneider, wanda aka haifa a 1890 a ƙauyen Stuben, can ɗaya ɓangaren mashigin Arlberg, ya fara koyarwa a Hotel Post na St. Anton a 1907 yana ɗan shekara 17. Ya gano cewa a kan gangare mai tsanani sai an durƙusa, an kai nauyi gaba. A Yaƙin Duniya na Ɗaya ya horar da sojojin Ostiriya, inda dole a koya wa mutane da yawa abu guda cikin ɗan lokaci, kuma bayan yaƙin, a farkon shekarun 1920, ya kafa makarantarsa. Ya jera karatun daki-daki: garma, sai juyawa cikin garma, sai a buɗe allo ɗaya a shiga kwana a rufe shi a fita, har a kai ga juyawa da alluna a jere. Ya raba ɗalibai aji-aji gwargwadon iyawarsu, ya sa malamansa duka suna koyar da abu ɗaya da tsari ɗaya. A ganina nan ne gwanintarsa take. Gwanayen gudu suna da yawa a kowane zamani. Wanda zai zauna ya warware abin da ƙafarsa ke yi, ya yanka shi loma-loma yadda matsoraci zai iya haɗiya, shi ne da wuya.

Sunansa ya yi nisa. Fina-finan Arnold Fanck, ciki har da Der weiße Rausch na 1931, sun nuna shi ga duniya. Shi da Baturen Ingila Arnold Lunn suka shirya gasar Arlberg-Kandahar ta farko a St. Anton a 1928. A 1930 ya je Japan ya koyar. Da 'yan Nazi suka haɗiye Ostiriya a 1938 sai aka kama shi, a 1939 ya samu fita zuwa North Conway a jihar New Hampshire ta Amurka, inda ya ci gaba da koyarwa. Ya rasu a 1955. A St. Christoph, ɗan ƙauyen da ke saman St. Anton, har yau akwai cibiyar da ake horar da malaman zamiya na Ostiriya, kuma kafin mutum ya kai matakin shaidar gwamnati sai ya bi jarrabawa hawa-hawa shi ma.

Kaya sun canza tun zamanin Schneider. An sa wa gefen alluna bakin ƙarfe mai kaifi, wanda ke cizon daskararriyar ƙanƙara. A shekarun 1990 aka yayata alluna gajeru masu faɗin kai da gindi da siririn ƙugu. In ka karkata irin wannan allo a kan gefensa ka danna, sai ya lanƙwashe kamar baka, ya yanka kwanar da kansa, ya bar siririn layi biyu a baya kamar titin jirgi. Wannan ya rage wa sabon shiga kwanakin wahala. Hanyoyin saukowa ma an yi musu launi: shuɗi mai sauƙi, ja matsakaici, baƙi na waɗanda suka isa. Amma garma tana nan, kuma har gobe da ita ake farawa.

Abin da ba a rubuta a kowane littafin koyarwa ba shi ne idon malami. Malamarmu da baya take zamiya, fuskarta na kallonmu, gangaren na bayanta, ko waiwaye ba ta cika yi ba. Daga yadda mutum ya ɗage kafaɗa take gane ya tsorata, daga ƙarar allo a kan dusa take gane ƙafar da ya danna. Ba ta ba mutum gyara biyu a lokaci guda. Ta san wanda ake zolaya ya saki jiki, ta san wanda in an yi masa dariya ya gama ke nan. Ta kuma san dusar kanta: ta safe da manyan motoci suka daddale cikin dare tana da tauri da santsi, ta bayan azahar ta yi laushi ta taru tsibi-tsibi, ga ƙafafu sun gaji, saboda haka sabon darasi da safe take kawo shi. Wata tsohuwa a ajinmu ta ƙame a saman wani ɗan gangare, ta ce ba inda za ta. Malamar ba ta roƙe ta ba. Ta miƙa mata ƙarshen sanda, ta riƙe ɗaya ƙarshen, suka sauko tare a hankali, tana ta tambayarta labarin jikokinta. Sai da suka kai ƙasa tsohuwar ta lura ashe tun a tsakiyar hanya ta saki sandar.

Wajen ƙarfe huɗu rana ta faɗa bayan duwatsu, inuwa ta rufe kwarin, sanyi ya dawo da ƙarfinsa. Ajin yara na saukowa a jere bayan malaminsu, su takwas ko tara, kowane da ƙatuwar hular kwano, suna bin sawunsa kwana bayan kwana kamar 'yan agwagi. Na ƙarshensu, wanda bai kai ƙugun malamin ba, ya zo daidai inda iyaye ke jira, ya buɗe garmarsa, ya tsaya cak a gaban mahaifiyarsa, ya ce yunwa yake ji.