Waƙa, Tatsuniya da Tafiya a Koyon Faransanci: Sharhi daga Birnin Kano

Tun 1996, lokacin da Janar Sani Abacha ya ayyana Faransanci a matsayin harshen hukuma na biyu a Nijeriya, masana ilimi ke ta muhawara a kan hanyar da ta fi dacewa a koyar da shi. Ra'ayin da ya fi samun karɓuwa shi ne a sassauta wa ɗalibi nahawu, a shigar masa da harshen ta hanyar waƙa da tatsuniya da tafiye-tafiye da sanin al'adu. Manufar wannan sharhi ita ce auna wannan ra'ayi da ma'aunin ɗalibin da ya tashi a cikin ganuwar Kano.

Da farko dai, hanyar ba baƙuwa ba ce a birni. Shekaru aru-aru ke nan ana koyon Larabci a zaurukan malamai ta hanyar waƙa da labari. Ɗalibi yakan haddace Alfiyya ta Ibn Malik, wadda nahawu ce tsantsa da aka tsara cikin baiti kimanin 1,000, ya rera Ishriniya, sannan ya sha ƙissoshin Maƙamatul Hariri. Abin lura shi ne, ba a taɓa barin waƙar ta yi aiki ita kaɗai ba. Malami yana bin kowane baiti kalma bayan kalma, yana fassarawa da Hausa, yana warware ƙa'ida. Wato waƙa taska ce ta ajiya, sharhin malami kuwa shi ne mabuɗinta. Masu yayata sabuwar hanya sun ɗauki taskar, sun mance da mabuɗin.

Waƙar Faransanci tana da amfani wajen horar da kunne da baki, musamman ga Bahaushen da wasulan hanci ke ba shi wahala, kuma yake gauraya p da f. Amma tana da nata tarko. Mawaƙi yakan furta wasalin e na ƙarshen kalma domin cika kari, alhali a maganar yau da kullum ba a furta shi, kamar dai yadda mawaƙin Hausa kan ja wasali don ya dace da kiɗa. Haka kuma waƙa ba ta faɗakar da ɗalibi saɓanin jinsi. Alal misali, rana mace ce a Hausa, wata namiji, amma a Faransanci le soleil namiji ne, la lune mace. Sai an zauna an kwatanta harsunan biyu kafin wannan ya zauna a kai.

Dangane da tatsuniya, matsalar ta zaɓi ce. Tatsuniyoyin Charles Perrault na 1697 su ne aka fi saurin miƙa wa mai koyo. Gaskiya ne cewa labarin Cendrillon ba zai yi wa yarinyar Kano nisa ba, domin ta san marainiya da kishiyar uwa, ta san 'yar bora da 'yar mowa. Duk da haka, keken dawaki da takalmin gilashi da liyafar rawa a fada suna ɗora mata kaya biyu a lokaci guda: baƙon harshe da baƙuwar duniya. Ga shi kuwa akwai abin da ya fi kusa. Birago Diop na Senegal ya buga Les Contes d'Amadou Koumba a 1947, Senghor da Abdoulaye Sadji suka rubuta La Belle Histoire de Leuk-le-Lièvre a 1953 musamman don 'yan makarantar Afirka, Boubou Hama kuma ya tattara Contes et légendes du Niger. Wayon zomo da kwaɗayin kura da ke cikin littattafan Senegal ɗin ba sa bukatar tafinta ga wanda ya girma da Gizo da Ƙoƙi. Tun da ya san inda labari ya dosa, hankalinsa kacokan zai koma kan harshe. Sai dai a kula, rubutacciyar tatsuniya tana gudana ne da sigar shuɗaɗɗen lokaci da ake kira passé simple, wadda kusan ba a jin ta a hira. Wanda bai sami mai yi masa wannan gargaɗi ba zai riƙa magana kamar littafi.

Batun tafiya ya fi sauran sarƙaƙiya. An kafa Ƙauyen Faransanci na Badagry a 1991 don ɗaliban jami'a su zauna cikin harshen, amma tsakaninsa da Kano akwai tafiyar kimanin kilomita 1,000, alhali Maraɗi ba ta kai 300 ba. Zumuncin birni da arewacinsa tsoho ne, sunan unguwar Agadasawa ma shaida ne. To amma Bakano in ya sauka Maraɗi ko Damagaram, Hausa za a yi masa a tasha da kasuwa da masauki. Ribar da zai fara samu ita ce kalmomin aro da Hausar can ta haɗiye, irin su lakwal da mushe da kumandan, waɗanda malami mai basira zai mai da su tsani zuwa asalinsu. Bayan haka, tafiyar ba ta zama darasi sai an haɗa ta da aji da karatun jarida da sauraron rediyo. Daɗin daɗawa, a 2025 Nijar ta fice daga ƙungiyar ƙasashe masu amfani da Faransanci, ta ɗaukaka Hausa zuwa harshen ƙasa, ta bar Faransanci a matsayin harshen aiki. Saboda haka ba daidai ba ne a ci gaba da kwaɗaita wa ɗalibi harshen da sunan al'adun Faransa kawai. Amfaninsa gare shi yana ofis da kan iyaka da jami'o'in maƙwabta, daga Kwatano zuwa Dakar.

A taƙaice, waƙa da tatsuniya da tafiya ba za su maye gurbin nahawu ba. Aikin da ke gaban sassan Faransanci da na Hausa, a Jami'ar Bayero da kwalejojin horon malamai, shi ne su haɗa hannu su fitar da littafin karatu mai harshe biyu, wanda zai fara daga tatsuniyar da yaro ya sani, ya kuma bi kowane nassi da sharhi irin na zaure.