Kafin Mu Zagi 'Yan Fim, Mu Tuna Da Sinima

Kullum zargin da ake yi wa 'yan fim ɗin Hausa shi ne wankin finafinan Indiya. To amma wa ya raine su?

Tun 1937 aka buɗe sinimar Rex a Kano. Gobarar El-Duniya ta 1951 ta ci rayuka 331, mutane suka ce ishara ce, amma kallo bai tsaya ba. Palace ta shigo cikin birni, daf da Kasuwar Kurmi, duk da adawar malamai. Ga Plaza, ga Orion, ga Marhaba, yawancinsu a hannun Kwarori, su ne kuma suka riƙa kawo irin su "Mother India".

Samarin da suka taso suna haddace waƙoƙin Indiya a kan bencin sinima, su ne suka ɗauki kyamara bayan "Turmin Danya" na 1990. Abin da suka sha shi suka amayar.

Saboda haka mai sharhi, sukar rawa da waƙa kaɗai ba ta isa ba. A nuna wa matasan nan hanyar labaranmu na gida, a koya masu rubuta su.