Facebook Kasuwa Ce, Ba Rumbu Ba: Ina Za Mu Ajiye Tafsirinmu?

Duk wanda ya zauna majalisin tafsiri a Gwandu ko Kalgo cikin 'yan shekarun nan ya ga sabon sahun da ya ɓullo a gaban malam. Kafin alaramma ya ja baki, samari sun riga sun kafa wayoyinsu a kan 'yan sanduna masu ƙafa uku, wannan yana watsawa a Facebook, wancan a TikTok, wani kuma yana ta laluben inda sabis ya fi ƙarfi. Abin bai tsaya kan tafsiri ba. Ɗaurin aure, walimar saukar Alƙur'ani, maulidi, wa'azin ƙasa, taron siyasa, har ƙwallon unguwa, duk yanzu ana nuna su kai tsaye.

Ni dai ina murna da wannan ci gaba. Ɗan Kambaza da neman abinci ya kai Legas, da 'yar Diggi da aure ya kai Abuja, da dattijon da ciwon ƙafa ya zaunar a gida, kowa yana jin malamin garinsu a daidai lokacin da yake karatu. Samarin da ke wannan hidima, galibi da datarsu da cajinsu suke yi, ba mai biyan su ko sisi. Allah Ya saka musu da alheri. Amma idan ka tambayi ɗayansu me ya sa ya zaɓi dandalin da yake watsawa, amsar kusan ɗaya ce: nan mutane suke. Gaskiya ne, amma akwai tambayar da ta fi wannan nauyi, wadda ban cika jin ana yi ba: karatun da aka watsa yau, ina za a same shi baɗi?

Ranar 19 ga Fabrairun 2025 kamfanin Meta, mai Facebook, ya sauya dokarsa. Duk bidiyon da aka watsa kai tsaye daga wannan rana, kwana 30 zai yi a shafi, sannan a share shi. Waɗanda aka yi a shekarun baya ma ba su tsira ba, an dai aika wa masu su sanarwa aka ba su kwana 90 su sauke abinsu. Azumin shekarar ya kama ranar 1 ga Maris, kwana goma kacal bayan sauyin. Ke nan karatun da malam ya yi a ranar farko ta azumi, idan ba a sauke shi ba, wa'adinsa ya cika ana tsakiyar yawon sallah. Kafin Shawwal ya ƙare, tafsirin wata guda ya tafi gaba ɗaya, da jan bakin, da fassarar, da tambayoyin da aka amsa.

A kwatanta da zamanin kaset. Sheikh Abubakar Mahmud Gumi ya rasu a 1992, Sheikh Ja'afar Mahmud Adam kuma an kashe shi a 2007, amma har gobe ana jin muryoyinsu a rediyo da wayoyin mutane. Dalili shi ne akwai waɗanda suka riƙe kwafin karatun a hannunsu, daga kaset aka mayar faifan CD, daga nan zuwa memori. Mu da muke da kayan aikin da suka fi nasu nesa ba kusa ba, muna dab da zama tsarar da ta fi kowa ɗaukar karatu, ta kuma fi kowa zubar da shi. Wannan abu yana damuna ƙwarai, musamman idan na tuna dattawan malamanmu na cikin gari, waɗanda gidan rediyo bai taɓa ɗauka ba, kuma ba su rubuta littafi ba. Ranar da Allah Ya karɓi ransu, abin da wayar saurayin nan ta ɗauka shi ne kaɗai zai rage.

Ga mutanen Gwandu kuwa, wannan magana tana da wani nauyi na daban. A garin nan Malam Abdullahi ɗan Fodiyo yake kwance. Tafsirinsa, Diya'ut Ta'wil, ya haura shekara 200, kuma har yau ana buga shi ana karanta shi, domin almajirai sun zauna sun kwafe shi da hannu, wani ya ba wani. Bayan babban littafin, ya sake rubuta taƙaitaccen tafsiri, Kifayatu Du'afa'is Sudan, saboda ɗaliban da ba za su iya ɗaukar na farko ba. Abubuwa biyu ke nan ya bar mana misalinsu: a adana ilmi yadda zai daɗe, a kuma fito da shi ta hanyar da mai ƙaramin ƙarfi zai iya kaiwa gare shi. Da waɗannan biyun nake auna kowane dandali.

Ba ina cewa a bar Facebook ba ne. Nan jama'armu suke, nan ɗan'uwa zai ga an fara karatu ya tura wa ɗan'uwa, kuma buɗe shirin kai tsaye a cikinsa ba shi da wuya, in dai shafin ya ɗan kwana biyu kuma yana da mabiya aƙalla 100. Ga wanda yake son a gan shi yanzu-yanzu, babu kamarsa a yankinmu. Sai dai kasuwa ce, ana ci ana watsewa, kuma ba a barin hatsi a kasuwa a ce an adana.

Ga karatu, YouTube nake zaɓa. Duk shirin kai tsaye da bai kai awa 12 ba, yana ajiye shi da kansa bayan an gama, ba tare da wa'adin kwana 30 ba. Ana iya jera karatun sura bayan sura, shekara bayan shekara, a sa sunan malam da ayar da aka fara da wadda aka tsaya, yadda ɗalibin da ke neman bayanin ayoyin gado a Suratun Nisa'i zai same shi ba tare da ya sha wahala ba. Mai kallo kuma yana iya rage hasken hoton sosai don datarsa ta kai shi. Yana da nasa matsalolin. Kafin a watsa daga waya sai tashar ta sami mabiya 50, kuma karon farko ana iya jira har awa 24 kafin a ba da izini, don haka ba aikin daren ganin wata ba ne. Yawancin mutanenmu ba su saba buɗe shi ba, suna tsoron cin data. Talla ma takan faɗo a kan karatu, wani lokaci wadda ba ta dace da wurin ba. Duk da haka, idan aka ɗora waɗannan a sikeli ɗaya, aka ɗora ɓacewar karatun a ɗayan, na san wanda ya fi nauyi.

TikTok fa? Ba na cikin masu tsine masa baki ɗaya. Mai sayar da atamfa da leshi, da mai ɗinki, da makaɗi, da mai wasan barkwanci, sun sami kasuwa a can wadda ba su taɓa mafarki ba, domin manhajar tana kai ka gaban wanda bai san ka ba. Wanda ya cika shekara 18 kuma ya tara mabiya wajen dubu ɗaya yana iya buɗe shirinsa. Amma an gina wurin ne don ɗan yatsa ya yi ta turawa sama. Mutum zai faɗo cikin karatu a tsakiyar jumla, ya ji rabin mas'ala, ya wuce. Kyaututtuka suna tashi a kan fuskar malam, masu sharhi suna musu a ƙasa, wani kuma yana jiran inda harshe zai zame ya yanko daƙiƙa 40 ya yaɗa. Rigingimu nawa muka gani tsakanin almajiran malamai a ƙasar Hausa, waɗanda asalinsu guntun bidiyo ne da aka raba da gabansa da bayansa? Idan cikakken karatun yana ajiye a wani wuri, sai a ce wa mai musu ya je ya ji daga farko. Idan ya ɓace, guntun nan shi zai zama shaida a kan malam har abada.

Yanzu ga mai ƙaramin ƙarfi. A Janairun 2025 hukumar sadarwa ta ƙasa, NCC, ta amince wa kamfanonin waya su ƙara kuɗin kira da data da kashi 50 cikin ɗari. Bidiyo mai haske na awa ɗaya yana iya cin giga ɗaya ko fiye. Murya zalla ta awa ɗaya kuwa, megabait 30 ta ishe ta. Manomin shinkafa a Zuguru, ko uwar gida a Dalijan, ba za su sayi giga talatin don tafsiri ba, kuma ba fuskar malam suke nema ba, maganarsa suke so. Don haka kwamitin da ya watsa bidiyo ya tsaya nan, 'yan birni da na ƙetare kawai ya yi wa aiki. A cire muryar a daren, a tura ta zaurukan WhatsApp da Telegram, a kai wa masu turi a kasuwa su zuba wa mutane a memori. A nan ne karatun zai shiga ƙauye.

Tun da murya ce gaba, a kula da ita. Sau da yawa za ka ga hoto tangaran, amma abin da ke shiga kunne amon lasifika ne da ƙarar janareta da kukan fanka. Ƙaramar makirufo da za a maƙala a rigar malam, ko igiya daga na'urar sauti zuwa waya, ta fi sabuwar waya mai tsada amfani. Sabis ma a gwada shi a wurin da za a yi karatun, a irin lokacin da za a yi shi, domin layin da ke gudu da hantsi yana iya rarrafe bayan tarawihi, lokacin da kowa ya hau. Kuma watsawa tana dogara ne da ƙarfin turawa, wanda sau da yawa bai kai na saukewa ba.

Biki kuwa hukuncinsa daban. Ba kowace mace da ta zo kamu ta yarda duniya ta kalle ta ba. In don 'yan'uwa na nesa ake yi, kiran bidiyo na WhatsApp yana ɗaukar mutum 32, YouTube kuma yana da tsarin da sai wanda aka tura wa adireshin zai gani. Wannan ya wadatar.

Wani zai ce, to YouTube ɗin ma ba kamfanin Amurka ba ne? Gobe ba zai iya sauya doka ba? Zai iya mana. Mun ga gwamnati ta rufe Twitter a Nijeriya daga Yunin 2021 zuwa Janairun 2022. A shekarar 2021 ɗin an katse layukan waya a Zamfara, maƙwabciyarmu, da wasu ƙananan hukumomin Sakkwato da Katsina saboda matsalar tsaro. A 2025 Meta ya yi barazanar janye Facebook da Instagram daga ƙasar nan saboda tarar da hukumomi suka ci shi. Babu dandalin da yake namu. Shi ya sa nake cewa a kafa waya ta biyu, wadda aka kashe mata layi, tana ɗauka kawai. Ko sabis ya yanke, ita ba ta yanke ba. Abin da ta ɗauka a zuba shi a ma'ajiya biyu, ɗaya a hannun kwamiti, ɗaya a gidan malam.

Shafin kansa ma a duba sunan wa yake. Yawanci saurayi ɗaya ne ya buɗe shi da lambarsa. Ranar da ya tafi bautar ƙasa, ko wayarsa ta ɓace, ko ɓarayin intanet suka ƙwace asusunsa, ko aka sami saɓani, shi ke nan an rasa komai. A buɗe shi da sunan masallaci ko makaranta, amintattu biyu ko uku su riƙe lambar sirri.

Kalgo tana da Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi a ƙofarta, wadda aka kafa a 2013, cike da 'ya'yanmu masu karatun kwamfuta. Wannan aiki ba zai gagari biyu daga cikinsu ba, in an kira su an ba su amana. Kirana ga kwamitocin masallatai da makarantun Islamiyya na Gwandu da Kalgo shi ne kada ku bari sai an ga wata. Tun cikin Sha'aban ku buɗe tashar YouTube da sunan majalisinku, ku roƙi jama'a bayan sallar Juma'a su bi ta har ta cika 50, ku sayi makirufo da ma'ajiya kafin ku sayi sabuwar darduma. Ku ci gaba da watsawa a Facebook don jama'a su gani, amma duk karatun da ke kansa yanzu, ku sa a sauke shi cikin makon nan, tun kwana talatin ɗinsa bai cika ba.